Meri da majalisar jiha a arewacin Kamaru: abin da suke iyawa da inda suke gazawa

Kusan shekara 30 ke nan ana gaya wa mutanen Kamaru cewa za a sauko da mulki daga Yawunde zuwa ƙofar gidansu. Kundin tsarin mulki na 18 ga Janairu 1996 ne ya fara rubuta alkawarin, dokokin Yuli 2004 suka biyo baya, sannan babbar dokar ƙananan hukumomi ta 24 ga Disamba 2019 ta tattara komai wuri guda. 'Yan boko na kiran abin desantaralizasiyo, a bakin kasuwa kuwa sakin mara ake cewa. Mai neman takarda ko ruwan sha ba ruwansa da sunan. Wuri biyu yake haɗuwa da tsarin: meri, wato ofishin magajin gari, da majalisar jiha. Su za mu auna a nan yadda ake auna buhun masara kafin a biya, a ga me ke ciki, a ga inda ya huje.

Komin, wato ƙaramar hukumar da meri ke gudanarwa, 360 ne a ƙasar, 47 a jihar Arewa Mai Nisa, 21 a Arewa, 21 a Adamawa. Garwa da Marwa da Ngawundare kowanne an raba shi komin uku, a samansu kuma ga babbar merin birni. Wannan rabon na ɓatar da mutane da yawa, domin manyan tituna da manyan kasuwanni da kwashe shara na ƙarƙashin merin birni, ƙananan ayyukan unguwa kuma na merin komin ɗinka ne. Wanda bai tambaya ba kafin ya fito, kuɗin mashin biyu zai biya.

Takardar haihuwa

A nan meri ta fi cancantar yabo, in dai an zo da wuri. Idan a asibiti aka haihu, asibitin ne ke ba da shaidar haihuwa, kuma doka ta ɗora masa sanar da meri cikin kwana 30. Idan bai yi ba, ko a gida aka haihu, nauyin ya koma kan iyaye, kuma lissafin da ya kamata kowane uba ya riƙe shi ne kwana 90 daga ranar haihuwa. A je da shaidar asibiti da katin shaidar uba da na uwa, da takardar aure in akwai. Takardar farko kyauta ce a doka. Abin da ake biya shi ne tambur idan za a yi kwafi mai hatimi, kuma tamburin gwamnati ya koma sefa (kuɗin Kamaru) 1,500 tun 2023, ban da na komin. Ƙauyukan da ke nesa suna da ƙananan cibiyoyin rajista, takardarsu daidai take da ta meri.

Matsalar tana farawa ne daga al'adarmu da kuma alƙalamin magatakarda. Jariri ba ya samun suna sai ranar bakwai, an riga an bar asibiti, sai shaidar ta kwanta a aljihun riga ko a durowar ungozoma har wa'adi ya wuce. Sai kuma rubutun suna. Muhammadu ɗaya zai iya fitowa Mohamadou a takardarsa, Mamoudou a ta ƙanensa inda aka rubuta sunan uba, Mouhamadou a katin makaranta. Harafi ɗaya ya isa a mayar da yaro gida ranar rajistar jarrabawa, ya isa a ƙi yi wa mutum katin shaida bayan shekara 18. Kafin a sa hannu, a sa wanda ya iya karatu ya gwada sunan uba da na uwa harafi da harafi da abin da ke katinsu. Gyara a ranar minti biyu ne, gyara daga baya kuwa yawanci sai an je kotu.

Wanda ya bari wa'adi ya yi nisa, hanyarsa kotu ce, a nemo hukuncin da ke maye gurbin sanarwar haihuwa. Ana buƙatar takardar likita mai ƙiyasta shekarun yaro, da takardar meri mai tabbatar da cewa ba a taɓa yi masa rajista ba, da shaidu biyu, da kuɗin kotu. Bayan hukunci ya fito kuma sai an koma meri an shigar da shi littafi, kuma a wannan matakin ne da yawa ke tsayawa, su ɗauka takardar kotun ita ce takardar haihuwa. Ba ita ba ce. Komin da ta san aikinta takan gayyato alƙali ya zauna a gari ya yi wa ɗaruruwan yara a zama ɗaya, yawanci dab da jarrabawar kammala firamare ta CEP, wadda ba a shigarta sai da takarda. Wannan hidima ce ta gaske, sai dai ihu ne bayan hari, kuma sau da yawa kuɗin ƙungiyoyin agaji ne ke ɗauke da ita. Ƙorafin da ya fi yawa a ƙananan cibiyoyi shi ne littafin rajista ya ƙare ana jiran sabo, ko mai rajistar, da ba shi da albashin kirki, ya nemi na goro a kan abin da doka ta ce kyauta ne.

Famfo, aji da hanya

Tun 2010 ma'aikatu suka fara miƙa wa komin gina ajujuwan firamare, ƙananan asibitoci, rijiyoyi da famfunan foraj (rijiyar burtsatse), gyaran hanyoyin karkara, rumfunan kasuwa, mayanka da wurin allurar dabbobi. Magajin gari ne mai aikin, shi ke ba da kwangila. Ƙasa da sefa miliyan 5 takardar oda kawai ake rubutawa, daga nan zuwa sama sai an bi ta kwamitin ba da kwangila. Shi ya sa idan ka ga aiki ɗaya an yanka shi gunduwa-gunduwa, kowane yanki miliyan 4 da ɗoriya, ka san abin da ake gudu.

Foraj ne ma'aunin da ya fi nuna halin meri, domin ba ya ɓoye ƙarya. Aikin kirki yana da matakai da ba a tsallake ko ɗaya. Da farko binciken ƙasa da na'ura kafin a kawo motar haƙa, musamman a duwatsun Mandara wajen Mokolo da Mora, inda ruwa ke bin tsagar dutse, a kauce da taku kaɗan a haƙo busasshen rami. A kwarin Logon kuwa ruwa na kusa, abin tsoro shi ne yashi ya rufta ko ya riƙa bin ruwa yana cinye famfo, don haka bututu mai taga da tsakuwar da ake zubawa a kewayensa su ne ran aikin. Bayan haƙa sai a hura ramin da iska har ruwa ya fito garau, a yi gwajin ja na sa'o'i a ga nawa yake bayarwa, a kai ruwan ɗakin gwaji, sannan a yi daɓen siminti da magudana da ramin tsotse ruwa nesa da bakin famfo.

Inda ake cin amanar aikin sananne ne. Ɗan kwangila ya tsaya a ruwan farko da ya tarar, a karɓi aikin a watan Oktoba ko Nuwamba ƙasa na jiƙe, famfo na zuba kamar ba gobe, Maris da Afrilu na zuwa sai iska. Ko a sa bututun ƙarfe a ruwa mai cin ƙarfe, cikin shekara biyu ruwa ya koma ja, mata su koma mayo, wato rafi. Famfon hannu na India Mark II da na ƙafa na Vergnet su suka fi yawa a yankin, kuma abin da ke kashe su ƙanana ne: robar da ke cikin silinda, sarƙa, boris na hannu, sandunan ja. Kayan 'yan dubbai ne, amma sai an samu kwamitin famfo mai tara kuɗi duk wata da makaniken da ya san samfurin. Meri da yawa na son buɗe sabon foraj saboda akwai hoto da jawabi, ba sa son sa layin gyara a kasafi, alhali kuɗin sabo ɗaya ya isa ya tayar da matattu da dama.

Akwai makamin da mutanen unguwa ba su cika sani ba. Karɓar aiki iri biyu ce, ta wucin gadi da ta ƙarshe, tsakaninsu yawanci shekara guda, kuma ana riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, har zuwa kashi 10 cikin 100, sai an yi ta ƙarshen. Famfon da ya kafe ko ajin da ya tsage a cikin wannan shekara, a rubuta wa magajin gari takarda mai kwanan wata, a kai kwafi ga wakilin ma'aikatar da aikin ya shafa a gunduma, kafin a saki kuɗin. Ƙorafin baki a zauren jauro, wato mai unguwa, ba ya shiga fayil.

Jinkiri kuwa kalanda ce ke haifar da shi. Shekarar kasafi Janairu take farawa. Idan aka yi sanyin jiki ba a ba da kwangila ba sai Mayu ko Yuni, damina ta shigo, ƙasar karal mai laka ta zama taɓo, mayo ya cika, mota ba ta kai siminti ƙauye sai Oktoba. Merin da ta shirya takardunta tun Disamba ta fara haƙa a Fabrairu, aikinta ake gani. Wannan bambanci ba na jam'iyya ba ne, na ma'aikatan da suka iya rubuta takardar kwangila ne, kuma komin karkara da yawa ba su da injiniya ko ɗaya.

A makaranta abin ya tsaya rabi. Komin na gina aji, tana sayen alli da rajista da sauran ƙananan kayan fara shekara, waɗanda kan iso bayan an yi makonni da komawa. Malami kuwa daga Yawunde ake ɗaukarsa, can ake biyansa, can ake yi masa canjin wuri. Sai ka ga sabon gini mai fenti, a ciki malamin da iyaye ke haɗa wa kuɗi. Haka ƙaramin asibiti: gini na meri, nas na ma'aikata.

Haraji da abin da ba na meri ba

Wajen karɓa meri ba ta makara. Kuɗin rumfa, kuɗin tasha, kuɗin mayanka, kuɗin shiga kara, tarar dabbar da aka kama tana yawo, duk nata ne. Komin da Allah ya ba babbar kasuwa, irin karar shanu ta Bogo ko ta Adumri, tana da abin taɓawa. Wadda ba ta da kasuwa sai jiran rabo. Shawara ɗaya ga ɗan kasuwa: tikiti mai lamba da hatimi, ko kada a biya. Kuɗin da aka miƙa hannu da hannu ba ya isa akwatin komin, kuma gobe wani zai zo ya sake nema.

Kada a wahalar da kai a kai wa magajin gari abin da ba hurumin sa ba. Katin shaidar ɗan ƙasa na 'yan sanda ne. Takardar mallakar fili ta ofishin sufirefe, wakilin gwamnati a ƙaramar hukuma, take bi zuwa ma'aikatar filaye, shi ya sa takardar saye mai hatimin mai unguwa, ko ma na meri, ba ta zama takardar mallaka. Rikicin manomi da makiyayi kwamitin da sufirefe ke shugabanta ne ke duba shi. Wuta da ruwan famfon birni na kamfanoni ne. Ƙasa da tsaro da malamai, abubuwa ukun da suka fi damun mutumin arewa, babu ko ɗaya a hannun wanda ya zaɓa a garinsu.

Linzamin yana ina

Dokar 2019 ta ce kason da za a ware wa komin da jihohi kada ya gaza kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnati. A shekarun da suka biyo baya ba a kai wannan ba, kuma mafi yawan abin da ke saukowa ya zo da sunan aikinsa a rubuce daga ma'aikata. Akwai sefa miliyan 100 na ayyuka da aka fara ba kowace komin a shekara daga 2019, daidai wa daida, mai mutum dubu 20 da mai dubu 200. Akwai kuma ƙarin kashi 10 da ake ɗorawa kan wasu harajin gwamnati, wanda FEICOM, asusun tallafa wa komin, ke rabawa. Da wannan rabon yawancin komin karkara ke biyan albashi, idan ya makara ma'aikata su yi watanni a bushe, tagar takardar haihuwa ma ta yi sanyi.

Ko kuɗin ya zo, magajin gari umarnin biya kawai yake sa wa hannu. Mai riƙe da akwati ma'aji ne da ministoci ke naɗawa, kuɗin kuma a baitulmalin gwamnati yake kwana. Babban sakataren meri ma naɗin minista ne. Kasafin da kansiloli suka amince da shi sai firefe, wakilin gwamnati a gunduma, ya sa hannu yake aiki. An ba mutum doki an riƙe linzami, idan doki bai yi gudu ba mahayi ake zagi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba muna wanke magadan gari ba ne, akwai masu fakewa da Yawunde su rufe nasu ragwancin, akwai kuma waɗanda gidansu na Garwa ko Yawunde, ba a ganinsu a komin sai ranar zama.

Majalisar jiha

Wannan ce hajar da aka fi yi wa talla, ita ce kuma ta fi ƙarancin nauyi a sikeli. An rubuta ta a 1996, ba a zaɓe ta ba sai 6 ga Disamba 2020, bayan rikicin yankunan masu Turancin Ingilishi ya tilasta babban taron ƙasa na 2019. Kowace jiha kansila 90: 70 kansilolin komin ne ke zaɓensu, 20 kuma sarakuna ne ke zaɓa daga cikinsu. Talaka ba ya jefa ƙuri'a ko ɗaya. A wancan zaɓe jam'iyya mai mulki RDPC ta ɗauki jiha tara, jam'iyyar UNDP ta ɗauki Adamawa, jam'iyyun adawa SDF da MRC suka ƙaurace. A takarda an ba majalisar makarantun sakandare, asibitocin jiha da na gunduma, da hanyoyin jiha. Kuɗin farawa kuwa sefa biliyan 3 ne ga kowace jiha, Arewa Mai Nisa mai gunduma shida da miliyoyin mutane daidai da jihar da ba ta kai rabin rabinta ba. Biliyan 3 ba ta shimfiɗa kwalta mai nisa. Abin da ake gani shi ne ajujuwa, bencina, 'yan kayan asibiti, da tsare-tsaren raya jiha masu kauri. Gwamna, wanda shugaban ƙasa ke naɗawa, yana nan da ikonsa, shi ke sa ido kan majalisar. Ba ta da tagar da mutum zai je ya karɓi wani abu, shi ya sa da wuya ka sami ɗan kasuwa a Gidar ko Meiganga da zai faɗa maka sunan mai wakiltarsa a can.

Kujeru 20 na sarakuna abin lura ne a arewa fiye da ko'ina, domin lamido a nan ba ado ba ne, yana da faɗa a ji kan ƙasa da kasuwa da ƙuri'a. Wasu na ganin shigarsu majalisa ya kawo masu sanin ƙasa, wasu na ganin an ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi.

Sai maganar ɗan asali, wadda ta shafi Hausawa kai tsaye. Doka ta ce shugaban majalisar jiha, da magajin babban birni irin Garwa ko Marwa ko Ngawundare, dole ya zama ɗan asalin jihar, ba ta kuma fayyace wane ne ɗan asali ba. Zuri'ar fataken da suka zauna Ngawundare da Tibati da Banyo tun ƙarni na 19 ba su da wani gari sai nan, amma kalma ce da ake iya zarowa ranar da aka ga dama. An dai samu ci gaba guda: kafin 2020 shugaban ƙasa ne ke naɗa mai riƙe da babban birni, yanzu kansiloli ke zaɓensa.

'Yan siyasa da masu ƙuri'a

RDPC na kan ƙasa ɗaya dunƙulalliya, a riƙa sakin iko sannu a hankali, hujjarta kuwa tsoron ɓallewa. SDF ta daɗe tana neman tarayya. Ɗan adawa Cabral Libii na da nasa samfurin tarayyar da ya gina kan al'ummomi. Issa Tchiroma Bakary, tsohon ministan da ya bar gwamnati a Yuni 2025 ya tsaya takarar shugaban ƙasa, ya kawo batun tarayya ta hanyar ƙuri'ar raba gardama, abin da ba a saba ji daga manyan 'yan siyasar arewa ba. Dalilin shirunsu na tarihi ne: Ahmadu Ahidjo, shugaban Kamaru na farko kuma ɗan Garwa, shi ya rushe tarayya da ƙuri'ar 20 ga Mayu 1972, kuma manyan arewa sun fi sabawa da neman kasonsu a Yawunde, kujerar minista da gurbin shiga manyan makarantu. Akwai kuma lissafin aljihu. Jihohin nan uku ba su da tashar ruwa, ba su da manyan masana'antun Duwala, tarayyar da kowa zai ci abin da ya tara ba za ta yi masu daɗi ba sai an rubuta yadda mai shi zai taimaki marar shi. Duk ɗan takarar da ya ce tarayya bai faɗi wannan ba, rabin magana ya yi. A ƙetaren gadar Ngeli, wadda ta haɗa Kamaru da Cadi, ma an sha wannan muhawara: Cadi ta yi ƙuri'a ranar 17 ga Disamba 2023, tsarin ƙasa ɗaya mai raba iko ya wuce, masu son tarayya suka ce ba a ma sa zaɓinsu a takarda ba.

Mai ƙuri'a kuwa tambayarsa gajera ce: wa zan kama idan famfo ya mutu? Tsarin zaɓen bai sauƙaƙa masa ba. Jerin sunayen jam'iyya yake zaɓa, jerin da ya haura rabin ƙuri'u ya kwashe kujeru duka, kansiloli su zaɓi magajin gari, sau da yawa wanda uwar jam'iyya ta nuna. Meri marar ɗan adawa ko ɗaya ba ta da mai tambayar lissafi. Zaɓen komin na 9 ga Fabrairu 2020 wa'adin shekara biyar ya bayar, aka tsawaita shi, wato ko damar hukunta wanda ya gaza sai da aka jinkirta.

Duk da haka, in za a ba da maki, meri ta ci rabi, majalisar jiha ba ta kai ba tukuna. Meri tana da ƙofa, kuma dokar 2019 ta buɗe wasu tagogi da ba a cika leƙawa ba. Zaman kansiloli a buɗe yake ga jama'a, mafi muhimmanci shi ne na kasafi a ƙarshen shekara da na duba lissafin shekarar da ta wuce. Duk mazaunin komin ko mai biyan haraji a cikinta na da ikon neman kwafin kasafi da rahoton zama da tsarin raya komin, kuɗin kwafi kawai zai biya. Ana kuma fitar da jerin ayyukan gwamnati na kowace shekara, komin bayan komin, da sunan ƙauye da kuɗin da aka ware. Ƙungiyar 'yan kasuwa ko kwamitin unguwa da ke son foraj ko kwalbati, su tabbatar buƙatarsu ta shiga tsarin raya komin tun tsakiyar shekara, a rubuce, da hatimin karɓa a kan kwafinsu. Buƙatar da aka kai a watan Janairu ta makara, sai kasafin baɗi.